Godiya Ga Gidan Abincin Italiyawa Na Unguwar Belmont

Zuwa ga Maigida da Uwargida da dukkan ma'aikatan madafa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a saboda 'yan uwana Hausawa mazauna Bronx ta birnin New York, na Nijar da na zangunan Ghana da na Najeriya, su san irin mutuncin da kuka yi mana ranar walimar auren 'yata.

Da yawanmu muna wucewa ta titin Arthur, mu sha ƙamshi, mu leƙa kasuwar nan mai rufi da magajin gari La Guardia ya buɗe a 1940, amma ba ma zama mu ci. Dalili kuwa sananne ne: ba mu san abin da ke cikin kasko ba. Surukina ne ya nace sai a gidanku za a yi, ni kuma na zo da zuciya biyu.

Maigida, abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne yadda ka ɗauko takardar abinci ka bi ta ɗaya bayan ɗaya ba tare da ɓoye komai ba. Ka ce saltimboka, girkin mutanen Roma, ana manna wa yankan maraƙi busasshen naman alade da wani ganye mai ƙamshi, don haka babu ita a walimarmu. Ka ce marsala sunanta ma na giya ne, wadda ake yi a garin Marsala na tsibirin Sisili, kuma in an cire giyar girkin ya tashi daga marsala, ba za ka sayar mana da suna kawai ba. Har pikata, wadda na ɗauka lemun tsami ne zalla, ka gaya mini masu girki da yawa suna ɗan zuba mata farar giya. Wani ɗan kasuwar da sai ya yi shiru ya karɓi kuɗinsa. Wallahi wannan gaskiyar ta fi mini ragin da ka yi mana daga baya.

Sannan kuka yarda mahaucinmu ya kawo naman maraƙi da kaji yankan Musulmi, kuka ware kasake da katakon yanka daban.

Uwargida, ke kuma kin bar ni na tsaya kusa da ke ina kallo, kuma abin da na gani ya burge ni. Kin raba ƙirjin kaza gida biyu, kin sa tsakanin leda, kin bi shi da guduma a hankali daga tsakiya zuwa baki har ya yi fele-fele kamar naman da mai kilishi zai shanya. Kika barbaɗa gishiri, kika birkita shi cikin fulawa kika kaɗe, sai cikin kasko mai man zaitun da man shanu. Kafin in gama tambaya kin juya shi, ya yi ja, kin tsame. A cikin kaskon nan, kan ɗan ƙanzon da ya kama, kika zuba romon kaza a madadin giya, kika matse lemun tsami, kika watsa waɗannan 'yan tohon fure masu gishiri da kuke kira kaferi, kika ƙare da curin man shanu mai sanyi har miyar ta yi kauri tana sheƙi. Kin ce sirrin skalofine, wato duk irin wannan girki na siraran yankan nama a kasko, sirantar naman ne, domin mai kauri kafin cikinsa ya nuna bayansa ya bushe. Mu da muka saba barin nama kan wuta ya daɗe yana dahuwa, wannan darasi ne.

Kin kuma ba ni labarin yadda a Italiya maraƙi aka fi yi da shi, amma da kakanninku suka zo Amurka, cikin Italiyawa sama da miliyan 4 da suka ƙetaro tsakanin 1880 da 1920, sannu a hankali kaza ta samu shiga saboda ta fi araha. Na ji wannan a raina, domin mu ma haka muke yi da miyar kuka in daddawa ta yi wuya a nan.

Dattawa sun fi son faranceze, wadda ake tsoma yankan cikin ƙwai bayan fulawa, don taushinta. Yara kuwa farmijana suka cinye tas, da miyar tumatir da narkakken cuku. Yayata da ta rantse ba za ta taɓa abincin Turawa ba, sai ga ta tana dangwalar miyar lemun da burodi.

Ina miƙa godiya ta musamman ga samarin da suka yi ta kai da kawo, waɗanda suka kwashe kwalaben giya daga ɗakin tun kafin mu iso, suka kuma share mana wani lungu da magariba ta yi.

'Yan uwa, duk mai son zuwa ya sanar da su tun da wuri, ya faɗi abin da ba ya ci, ya kuma shirya da mahaucinsa. Allah Ya ƙara kasuwa, Ya ba ku lafiya.

Taku mai godiya,
Uwar amarya, daga Bronx