A tuntuɓi malaman nahawu kafin a koya wa na'ura Hausa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na ranar Asabar ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin gaskiya raina ya ɓaci. Baƙonku ya ce wai in dai an tula wa na'ura rubutu mai yawa, za ta koyi harshe da kanta, ba sai an nemi masanin nahawu ba. Mai gabatarwa kuwa ko tambaya ɗaya bai yi masa ba!

To ina rubutun da za a tula? Turanci ne ke da shi jibgi. Namu na intanet bai taka kara ya karya ba, kuma da yawansa ba a sa wa haruffa ƙugiya, baki da baƙi duk ɗaya.

Shekara 28 na yi ina koyar da Hausa a sakandare. Kwanan baya jikata ta kawo mini wayarta, ta rubuta "gari ya yi tsada", tana nufin garin tuwo, manhajar fassara ta ce mata birni ne ya yi tsada. Tsawon wasali ne ya raba kalmomin nan biyu, boko kuma ba ya nuna shi. Amma ƙamusun Hausa da wani Bature, Bargery, ya wallafa a 1934 ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Aikin yana nan a ajiye, me ya hana a ba na'ura?

Ga kuma aikatau. Saya, sayo, saye, sayar, sayu: saiwarsu ɗaya. Tun 1960 Parsons, wani Bature masanin Hausa, ya tsara giredi bakwai na aikatau, wato rukunai bisa yadda siffar kalmar ke sauyawa, kuma da alli na sha koya wa yara tsarin cikin mako biyu. In aka nuna wa na'ura wannan tsari tun farko, ba sai ta ci karo da kowace kalma sau dubbai kafin ta gane 'yan gida ɗaya ne ba. An rage rubutun da ake nema, an rage wuta da kuɗi. Mu da ba mu da yawan rubutu, wannan ce hanyarmu. Don Allah ku gayyato malamin harshe daga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ya ba baƙon nan amsa.

Sannan ku duba layin wayarku. Sau shida na kira ranar, katina ya ƙare, ba wanda ya ɗauka.

Naku mai sauraro kullum,
Tsohon malamin Hausa, Zariya