Zuwa ga Baffa Alaramma, kan tambayar da kuka yi mini a zaman makokin Malaminmu

Assalamu alaikum Baffa. Allah ya gafarta Malam, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranar sadakar uku, a rumfar da aka kafa a ƙofar gidan marigayi nan Garwa, bayan na gama 'yan kalmomin da iyalinsa suka roƙi in faɗa, kun kira ni a gaban jama'a kun ce: “Kai da na riƙe hannunka na koya maka rubutun allo, yaya za ka miƙe kana yabon mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa wajen feɗe gawar bayin Allah? Ka manta karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye? In mahaifinka ne a kan teburin nan, za ka yarda?” Na sunkuyar da kai na yi shiru, domin 'ya'yansa suna zaune a tabarma ɗaya da mu, uwargidansa kuma tana jin komai ta bayan katanga. To amma maganar ba ta tsaya a rumfar ba. Ta zaga gari, har wani yaro da ke shekarar farko a tsangayar likitanci ta nan Garwa ya kira ni cikin dare yana tambaya ko ya ajiye karatun. Shi ya sa na rubuto amsar inda kowa zai gani, kuma ku gafarce ni in na yi tsawo.

Hadisin da kuka kawo na san shi, a bakinku na fara jinsa, kuma Abu Dawuda ya ruwaito shi daga Nana A'isha. Da shi a zuciyata na hau jirgin ƙasa na dare daga Ngaundare zuwa Yawunde a 1996, don karatun likitanci. Ranar da aka fara kai mu ɗakin fiɗa, warin fomol, maganin da ake ɗura wa gawa don kada ta ruɓe, ya tare ni tun daga matakala, idona ya cika da hawaye. Na tsaya a bakin ƙofa na ƙudura cewa gobe zan tattara kayana in koma gida. Sai ga wani gajeren mutum da farar riga, aljihunsa cike da alli kala-kala. Da Faransanci yake magana da kowa, amma da ya iso wurina ya dubi hulata ya ce da Hausa, “Ɗan wane gari?” Na ce Garwa. Ya ce, “Shigo. In ka ga an wulaƙanta wani a ɗakin nan, ni zan raka ka tasha.”

A ranar ba wanda ya taɓa wuƙa. Ya tsayar da mu kewaye da tebura, ya ce kowa ya yi addu'a bisa addininsa, sannan ya karanto dokokinsa. Ba dariya, ba cin abinci, ba hoto, ba raɗa wa mamaci sunan wasa. Wurin da ake aiki a kai kaɗai ake buɗewa, fuska da al'aura suna rufe. Kowane tebur yana da bokiti mai murfi mai ɗauke da lambarsa, kuma duk abin da aka cire, ko da ɗan tsinken kitse ne, nan yake shiga, don kada naman wani ya gauraya da na wani ranar binnewa. Wani ɗan ajinmu ya taɓa ɗaga hannun gawa yana yi wa abokinsa alamar gaisuwa. Malam bai ɗaga murya ba. Ya zo ya karɓi hannun ya mayar da shi a hankali, ya ja mayafin, ya ce wa yaron ya fita, kada ya dawo sai bayan mako biyu. Daga nan har ƙarshen shekara ban sake jin ko murmushi mai sauti a ɗakin ba.

Yana zane da hannu biyu a lokaci guda, ja don hanyoyin da jini ke fita daga zuciya, shuɗi don masu mayar da shi, rawaya don masu kai saƙo daga ƙwaƙwalwa. Mu 'yan arewa yakan tsare mu bayan darasi ya ce harshenmu ya tara abubuwa da yawa a kalma ɗaya: mai ɗaukar jini jijiya ce, mai ɗaukar saƙo jijiya ce, agara ma jijiya ce, alhali wata in ka ɗaure ta majiyyaci ya rayu, wata in ka ɗaure ta ya shanye. Yakan tura mu wurin mahautan Birikitari, unguwar Hausawan Yawunde, mu tambayo sunayen kayan ciki: saifa, matsarmama, tantani, laka, guringuntsi. Dalilinsa shi ne tsohuwar da za ta zo gabanmu daga ƙauye ba ta jin Latinanci, kuma tana da haƙƙin ta san abin da za a taɓa a jikinta.

Bari in gaya muku abin da na ɗauko daga ɗakin nan, tunda a kansa hukuncin ya rataya.

Akwai wata jijiya da ke fitowa daga ƙasan ƙashin baya, ta ratsa ɗuwawu, ta gangara bayan cinya har ƙafa. Ita ce mafi kauri da tsawo a jiki, faɗinta ya kai na babban yatsa. Malam ya sa kowannenmu ya zura yatsa ƙarƙashinta ya ɗago ta, sannan ya zana layi biyu da suka raba ɗuwawu gida huɗu, ya ce allura a gidan sama na waje kawai take shiga. Baffa, kun san yaran nan da ke jan ƙafa ɗaya a ƙauyukanmu, waɗanda ake cewa iska ce ta shafe su. Da yawansu zazzaɓi suka yi, wani mai allura da bai taɓa ganin jijiyar nan ba ya soka musu kinin a inda bai kamata ba. Na duba irinsu ba adadi, kuma wanda ya zo a makare ba abin da nake iya yi masa sai takalmin tallafi. Duk ma'aikacin jinya da ya yi aiki a ƙarƙashina sai na zana masa layukan nan biyu.

Ta biyu kun san ta, ko da ba ku san sunanta ba, kuma na nemi izinin Yaya kafin in ambaci wannan. Lokacin da maƙoƙon da ke wuyan 'yarku ya girma har ya fara hana ta barci, ku da kanku kuka ce ba wanda zai yi mata aiki sai ni. Bayan ƙullin nan akwai wata siririyar jijiya kamar zaren ɗinki, a manne da maƙogwaro, ita ke motsa muryar mutum. Ta ɓangaren hagu sai ta gangara cikin ƙirji, ta zagaya ƙarƙashin babbar hanyar jinin da ke fita daga zuciya, sannan ta hauro wuya. In aka yanke ta gefe ɗaya murya ta dishe, in aka yanke duka biyu numfashi kansa yana iya tsayawa. A littafi an zana ta fes, rawaya, ita kaɗai. A wuyan mai rai tana cikin jini da kitse, maƙoƙon ya ture ta daga mazauninta. Na gane ta a ranar ne saboda na taɓa kwashe kwana uku ina nemanta a wuyan wani bawan Allah a tebur na huɗu, Malam yana tsaye a kaina yana cewa, “Ba ita ba ce, sake dubawa.” Gani ya kori ji. Yaya ta farka ta kira sunan ɗanta da muryarta, kuma har yau ita ke biya wa matan unguwa karatu. Haka nan bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, wanda ke bi ta ƙarƙashin hanyar jinin mahaifa: likitan da bai san inda yake ba, garin tsayar da jinin mai haihuwa sai ya ɗaure shi ko ya yanke shi, ya bar mace da yoyon fitsari.

Ba na cewa magabata duk sun tsaya a inda na tsaya. Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ne ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu, kuma ya rubuta cewa shari'a da tausayi sun hana shi feɗe gawa. Malam ne ya gaya mana haka, bai ɓoye ba. Amma shi ne kuma ya ba mu labarin Abdullatif al-Bagdadi, wanda ya ga yunwar da ta auka wa Masar wajen shekarar 1200, ya duba tarin ƙasusuwan waɗanda suka mutu, ya gano muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne. Jalinus, likitan da aka bi fiye da shekara dubu, ya ce biyu ne, domin dabbobi ya feɗe ya ƙiyasta mutum a kansu. A zamaninmu kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, ta zauna a Makka a 1987, ta halatta fiɗar gawa don binciken laifi, da gano cuta, da koyar da likitanci, bisa sharuɗɗa: a tsaya iyakar larura, in an san mamacin a sami izininsa tun yana raye ko na magadansa, gawar mace mata su yi aikinta in akwai su, kuma a binne duk sassan. Ku ne masana wannan fage, ni ɗalibi ne, sai dai abin da idona ya gani shi ne bokitin nan mai murfi ya riga ya cika sharaɗin ƙarshe tun kafin in san an rubuta shi.

Saura tambayarku ta uku, wadda ta hana ni barci. A'a, Baffa. Da mahaifina ne da ban yarda ba. Ni na sa shi a kabari da hannuna kafin la'asar ɗin ranar da ya cika, kuma ko sarki ne ya roƙe ni ba zan jinkirta ba. Na kuma san abin da wannan amsar take nufi. A mafi yawan makarantun likitanci na Afirka, gawar da ake karatu da ita ta waɗanda suka mutu ne ba wanda ya zo nemansu: baƙo, mai taɓin hankali, ɗan ci-rani da ya faɗi nesa da gida. Ba wanda ya tambaye su. Mutumin tebur na huɗu yana da kanta a tafin hannu irin ta mai riƙe fartanya, da tsohon tabon karaya a ƙwauri wadda ta haɗe a karkace, alamar ɗorin gida. Wata uwa ce ta haife shi, wataƙila ta mutu tana sauraron dawowarsa. Abin da na ƙi wa mahaifina shi na karɓa daga wannan mutum, kuma ba wata fatawa da ta sauke mini nauyin nan.

Na taɓa faɗa wa Malam haka a shekarata ta biyu, ina jiran ya kawo mini hujja. Bai kawo ba. Ya buɗe aljihun tebur ya ciro wani tsohon littafin rubutu, kowane shafi da lamba, da ranar da aka kawo mamaci, da kamanninsa, da ranar da aka binne shi da wurin. Ya ce ko bayan shekara ashirin wani ya zo cigiya, yana so ya iya nuna masa kabari. Ya ce bashi ne, kuma shi bai san hanyar biyansa ba sai biyu: a rufe su da mutunci, sannan duk wanda ya koya a jikinsu kada ya kuskura ya yi wa talaka aikin ganganci. Ƙarshen shekara da kuɗin aljihunsa yake sayen farin yadi. Wanda alamu suka nuna Musulmi ne yakan kira liman, mu ɗalibai mu yi sahu. Na sallaci mutumin tebur na huɗu, mu bakwai ne a bayan liman, Malam yana ƙarshen sahu yana share ido da hannun riga.

Da ya yi ritaya ya dawo Garwa, kun san shi a matsayin tsohon nan mai zuwa masallaci da wuri, wanda ba ya yawan magana. Mutane da dama ba sa son cin abinci kwano ɗaya da shi, ya sani, bai taɓa kai ƙara ba. Ni kuwa in aiki ya cije mini a asibitin da nake, can wajen Marwa, shi nake kira ko ƙarfe biyun dare ne, ya ce, “Gaya mini abin da yatsanka yake taɓawa,” ya bi da ni a waya har in fita. A ciwonsa na ƙarshe na je duba shi, ya kama hannuna yana lissafa ƙasusuwa takwas na wuyan hannu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya karanta ayar da yake buɗe darasin kowace shekara da ita, ta cikin Zariyati, wadda ke cewa a cikin kawunanku ma akwai ayoyi, shin ba ku gani?

Yaron da ya kira ni na ce masa ya zauna ya yi karatunsa, ya kuma riƙe hadisin da kuka kawo a ransa duk ranar da zai shiga ɗakin. Na ce masa ya zo ya gaishe ku, domin ina so ya ji tsoron nan daga bakinku kamar yadda na ji.

Uwargidan marigayi ta ba ni littafin nan na lambobi. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan shigo Garwa, zan zo da shi bayan an sauko daga masallaci ku duba da idonku. Ina roƙon ku sa Malam a addu'arku ta asuba, ku haɗa da mutumin tebur na huɗu, da ke shafi na 61, wanda har yau ban san sunansa ba.

Ɗanku kuma almajirinku.