Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Jakadan Najeriya A Birtaniya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni gwaggo ce ga wata yarinya da aka haifa a Ingila. Ƙanena da matarsa sun kasa kula da ita, kuma ba wanke su na zo yi ba. Kotun iyali ta karɓe ta, ta ba wasu mutane riƙo na dindindin, irin wanda malamanmu ke kira tabanni. A dokar Ingila ta 2002, da zarar alƙali ya sa hannu, yarinya ta zama tamkar masu riƙon ne suka haife ta. An cire uwa da uba, mu da ba mu ci ba ba mu sha ba aka haɗa da mu.

Abin da ya rage mana wasiƙa ɗaya ce a shekara, ta hannun ƙaramar hukuma, sai ma'aikaci ya karanta kafin ta wuce. Ba adireshi, ba lambar waya. Inna tana Zariya, ba ta yi boko ba, ita ke faɗa ta waya ni ina rubutawa. Bara ta ce, "Rubuta mata kakarki ta ajiye miki 'yan kunne." Na rubuta. Aka dawo mini da takardar, wai kalmar kaka za ta rikita yarinya. Har yau ban iya gaya wa Inna ba.

Dokar 2014 ta ba kotu ikon umartar a riƙa sada yaro da danginsa, amma da wuya alƙali ya tilasta idan masu riƙo ba su so. Ita dai wannan doka ta ce a kammala shari'ar karɓe yaro cikin mako 26. Kafin labari ya iso gida, a gama jin kunyar faɗa, a samo lauya, an rufe magana. Mu haka ta faru da mu.

Roƙona, ranka ya daɗe, ofishinka ya ware jami'in da zai nemo dangi a gida tun shari'a na ɗanya, domin kotu takan duba dangi kafin bare idan sun bayyana da wuri. Mu kuwa da aka riga aka yanke wa hukunci, a taimaka mana da lauyan da zai nema mana ganinta ko sau ɗaya a shekara. An ce in ta kai 18 za ta iya nemanmu da kanta. Shekarunta 6 yanzu, Inna kuwa ta haura 80.

Naku,
Wata gwaggo daga Ingila