Sarki zamani gare shi, ku daina ce mana wa'adi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, na rubuto ne a kan shirinku na daren Alhamis ɗin nan, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Da yatsuna na ƙirga, sau huɗu mai gabatarwa yana cewa "wa'adin mulkin Sarki Salman". Ya koma baya ya ce "a wa'adin Sarki Fahad", ya ƙara da cewa wai Sarki Khalid wa'adinsa gajere ne. Haba Malam! Wa ya ɗibar musu wa'adin? A Hausar wane gari ake faɗin haka?

Bari in gaya maka abin da kalmar nan ta jawo a gidana. Mun idar da Isha'i, mun zauna cin abinci, wayata tana jingine da tulun shayi muna saurarenku. Mahaifiyata, wadda ta haura shekara 80 kuma kunnenta ya fara nauyi, tana gefe a kan darduma da carbi a hannu. Abin da ya shiga kunnenta shi ne "wa'adin Sarki Salman". Sai kawai na ji ta saki salati, ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, yaushe ya cika?" Ta tashi jikanta ya kunna talabijin. Na ce, "Inna, lafiyarsa ƙalau, labarin mulkinsa suke yi." Ta dube ni ta ce, "To me ya kawo wa'adi a maganar mai rai?" Tuwon nan sai da ya huce kafin hankalinta ya kwanta, ni kuwa ban iya ba ta amsa ba, domin ita ce da gaskiya. A bakin Bahaushe, in aka ce wa'adin mutum ya yi, likkafani ake nema.

Mu da ke zaune a ƙasar nan ta Saudiyya babu wanda zai koya mana ma'anar wa'adi, da shi muke kwana da shi muke tashi. Iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasa, tana da wa'adi, ranar ƙarewarta tana nan a rubuce, in ka bari ta wuce tara ce. Bizar mai Umara tana da wa'adi. Hayar shagona a Shara Mansur tana da wa'adi, mai gida ya san ranar, ni ma na sani. Bashi yana da wa'adi. Shugaban Najeriya da gwamnoni suna da wa'adi na shekara 4, in an sake zaɓensu su ƙara 4, daga nan sai gida. Duk abin da aka kira wa'adi, tun ranar da aka fara shi an san ranar da zai ƙare, ko mutum ne ya yanke ko Allah ne ya yanke ya ɓoye mana. To ran da aka yi wa Sarki Salman mubaya'a a watan Janairun 2015, wace rana aka rubuta masa ta sauka?

Kalmar da kuke nema tana nan, ba ta ɓace ba. Zamani. Fadawa ba su taɓa cewa Allah ya ja wa'adin sarki ba, wanda ya faɗi haka a fada ma sai an fitar da shi. Cewa ake yi Allah ya ja zamanin sarki, ran sarki ya daɗe, kamar yadda mutanen nan suke cewa "ɗal umrak" in suna gaban babba. Hausawa kuma suka ce sarki goma zamani goma. Zamani ya fi kujerar faɗi, ya haɗa da farashin hatsi a lokacin, da irin kuɗin da ake kashewa, da yunwa ko ƙoshi, da wanda aka haifa da wanda ya rasu. Shi ya sa tsofaffinmu da shi suke ƙirga shekaru.

Kakana bai san shekarar haihuwarsa da lamba ba har ya koma ga Allah. Amma in ka tambaye shi zai ce maka ya bar Kano a zamanin Abdullahi Bayero, da ƙafa da jaki, ya ratsa Chadi, ya tsaya a Sudan yana tsinkar auduga a Jazira har ya tara kuɗin jirgin ruwa, ya tsallako daga Sawakin ya sauka Jidda a zamanin Sarki Abdul'aziz. Da na girma na duba, na ga Abdullahi Bayero ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, Abdul'aziz kuma ya haɗe ƙasar nan da sunan Saudiyya a 1932, ya rasu shi ma a 1953. Ka ga da kalma ɗaya tsohon nan ya ba ni tarihinsa daidai, ba tare da takarda ba. Ni kaina Inna cewa take an haife ni a zamanin Faisal, ƙanwata kuma ana zaman makokinsa, wato 1975 ke nan, shekarar da aka harbe shi. In ka shiga Harami da ita za ta nuna maka da sandarta, nan ginin zamanin Sa'ud ne, can faɗaɗawar zamanin Fahad, wancan na zamanin Abdullah. Yanzu ku ce in koma in gaya mata an haife ni a wa'adin Faisal?

Na san abin da za ku ce. Za ku ce ai ba kowane sarki ne yake mutuwa a kan gado ba, wasu sauke su ake yi. Haka ne. Sarki Sa'ud ya hau a 1953, 'yan'uwansa da malamai suka sauke shi a 1964 Faisal ya hau. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ya yi murabus a 1963 aka kai shi Azare. Amma ranar da aka naɗa su babu wanda ya yanke musu waɗannan shekaru, abin ne ya zo da haka, kuma har gobe a Kano zamanin Sanusi ake cewa. Kai, ko kalmar mulki ma ba kullum take zama daidai da zamani ba. Sarki Fahad ya kwanta rashin lafiya tun 1995, Yarima Abdullah ne yake tafiyar da al'amura, amma duk shekarun nan zamanin Fahad ne har ranar da ya rasu a 2005, shekara 23 ke nan daga 1982. Khalid da kuka ce wa'adinsa gajere ne, shekara 7 ya yi, 1975 zuwa 1982, zamaninsa ne bai yi tsawo ba. Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya yi shekara 50, Ado Bayero ya ɗara haka. Wane irin wa'adi ne wani zai samu 7 wani ya samu 50?

Wuri ɗaya na sani da maganarku za ta zauna. Alhazan Malesiya da suke sayen turare da dabino a wurina sun bayyana mini cewa su sarakunan jihohinsu tara ne suke karɓa-karɓa, kowane ya yi shekara 5 a matsayin sarkin ƙasa ya miƙa wa na gaba. In labarinsu kuke bayarwa ku ce wa'adi, ba zan ce uffan ba.

Ina kyautata zaton daga fassara matsalar ta fito. Larabawa suna cewa "fi ahadil malik Fahad", kuma daga wannan kalma ta ahad suka samo waliyyul ahad, wanda mu muke kira yarima mai jiran gado. Ahad tana ɗaukar ma'anar alkawari, wa'adi ma asalinsa Larabci ne mai ma'anar alkawari, sai yaronku ya ga sun yi kama ya ɗora wannan a gurbin wancan. Ko kuma bakinsa ne ya saba da labaran gwamnoni, kullum wa'adi na ɗaya wa'adi na biyu, har ya manta akwai masu rawani. Ko ma wanne ne, ba shi kaɗai nake zargi ba. Takardar nan ta bi ta hannun wani babba kafin a karanta ta, kuma babban bai ja layi a ƙarƙashin kalmar ba.

Abin da ya sa na damu haka, 'ya'yanmu a nan Larabci suke yi a makaranta, Larabci a titi, Hausar da ta rage musu ita ce ta bakin kakarsu da ta bakinku. Ɗana na fari yana ɗaukar duk abin da ya ji a shirinku a matsayin Hausa ta gaskiya, tawa kuma ta 'yan kasuwa. Washegari da na gyara masa sai ya ce, "Baba, ai a rediyo aka faɗa." Da me zan yi gardama da shi?

Tun da na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Kullum sai ku ce ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, ƙarfe kaza agogon Ghana, ba ku taɓa tunawa da agogon Makka ba, alhali mun san yawanmu a Makka da Madina da Jidda, ban da alhazai da masu Umara. Awa biyu ce kawai tsakaninmu da Kano, faɗinta ba zai ci muku daƙiƙa biyar ba. Tsofaffi da yawa a unguwarmu shiri yana wuce su saboda lissafin nan.

Ina roƙonka, Malam Edita, a shirin Alhamis mai zuwa a fito fili a gyara, a ce zamanin Sarki Salman, da murya yadda mai nauyin kunne za ta ji. Ni da Inna za mu kasance a zaune muna saurare.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Shara Mansur, Makka.