Wasiƙa zuwa ga Babana a kan kumburin nan

Assalamu alaikum Babana,

Ya karatu, ya sanyin Samaru? Ƙanwarka ta faɗa mini abin da ka hana ta faɗa. Ta ce sati biyu ke nan da ɓari ɗaya kake tauna, kuma ranar da kuka yi waya ta ga kuncinka na dama ya tasa. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata.

A shekarunka, wanda na fara zargi shi ne haƙorin hankali, turmin nan na can ƙurya da ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25. Sau da yawa wuri ba ya isarsa, sai ya leƙo rabi, dasashi ya rufe sauran, guntun abinci ya riƙa maƙalewa a ƙarƙashi inda buroshi ba ya kaiwa. Daga nan sai kumburi da wari, buɗe baki ya yi wuya. In ba shi ba ne, to kogo ne. Idan ka kurɓi ruwan sanyi ya tsira maka ya sake ka nan take, ramin bai yi zurfi ba, cikewa kawai za a yi. Idan zafin ya zauna bayan ka haɗiye, ko yana zugi da dare har ya tashe ka, ya kai jijiya. Wani lokaci ma haƙorin ba shi da laifi. Mura mai toshe hanci takan sa turamen sama ciwo, ya ƙaru in an yi ruku'u, mai cizon haƙora cikin barci kuma yakan tashi da gaɓar gaban kunne tana ƙas-ƙas. Duk waɗannan ba su dame ni ba.

Kumburin ne ya hana ni barci. Saiwar turamen ƙasa tana da zurfi, in mugunya ta taru a gindinta ta rasa mafita, takan gangara ƙarƙashin harshe da haɓa. Wurin ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago ya koma baya, hanyar numfashi ta matse. Abin bai buƙatar wata guda, kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi, kuma bai san saurayi mai ƙarfi ba. Ka san shekarar da muka yi a kan kawunku, ba sai na maimaita ba. Kuma in ciwon ya ɗauke da kansa kada ka yi murna, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cutar suna nan suna aikinsu shiru.

Yanzu ka je gaban madubi. Jera yatsu uku a tsaye ka sa tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. In ba su shiga ba, ko akwai zazzaɓi, ko haɗiye yawu yana yi maka wuya, ko muryarka ta canza, ko kumburin ya sauko wuya ko ya haura wajen ido, ka ajiye takardar nan ka tafi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa da ke Shika, ko da ƙarfe biyun dare ne. In babu ko ɗaya, ka ga likitan haƙori gobe, ba bayan jarrabawa ba.

An ce kullum kana kyamis kana sayen kafso bibbiyu. Haba Babana! Da iliminka? Kafso yana kwantar da kumburi ne kawai, muddin ba a wanke jijiyar ba ko a cire haƙorin, zai dawo. Kuma kada in ji ka danna asfirin a dasashi, ƙona naman yake yi. Masu ɗiga ruwan batir da masu cewa za su fitar maka da tsutsa kuwa, ko kallonsu kada ka yi, babu wata tsutsa a haƙori. Kuna cewa na cika mita, na ji, gara ku faɗa kuna raye.

Kafin ka isa ga likita, ka sha farasitamol mai 500 ƙwaya biyu duk bayan awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a kwana ɗaya. Ibuprofen ba naka ba ne, ka san cikinka da olsa. Ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi ka kurkure sau uku ko huɗu a rana. Kada ka gasa kuncin da ruwan zafi, tsumma mai sanyi za ka ɗora, ka kuma ƙara matashi in za ka kwanta.

Babanku zai turo kuɗin kati da na hoton haƙori da safe, saboda haka kada ka ce mini babu. Ka kira ni ta bidiyo bayan isha'i, ina so in ga yatsun nan uku da idona. Allah Ya ba ka lafiya, Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka