Hoton da ake ɗauka lokacin gashin cutar kansa ma a riƙa lissafa shi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na karanta rahotonku kan sabbin na'urorin gashin cutar kansa, wato masu ƙona ƙari da haske mai ƙarfi da ake kira radiyeshon, da ake kafawa a asibitocin koyarwa na ƙasar nan, kuma na yi farin ciki ƙwarai. Sai dai akwai wani abu da nake roƙon ku ja hankalin hukumomi a kai tun na'urorin suna sababbi.

Ƙarin da ya fito a huhu ko hanta ba ya zama wuri ɗaya. Duk numfashin da majiyyaci ya ja sai ya motsa, wanda ke can ƙasan huhu ma yakan yi sama da ƙasa har santimita 2 ko fiye. Don kada hasken gashi ya kauce ya ƙona lafiyayyen nama, na'ura takan riƙa ɗaukar hoton eksire tana bin sawun ƙarin. Wani lokaci likita kan dasa 'yan ƙwayoyin zinare kusa da shi, kowace kamar ƙwayar shinkafa, domin su fito sarai a hoto.

To amma hoton nan shi ma radiyeshon ne. Hasken gashi a kan ƙari ake tattara shi, na hoto kuwa duk inda ya ratsa sai ya bar rabonsa: fata, zuciya, ɓargo. Ƙashi ya fi tsoka shan sa nesa ba kusa ba. Hoto ɗaya ba abin damuwa ba ne, amma wanda zai yi makonni 5 ko 6 yana zuwa gashi, ana ɗauka kullum, abin yana taruwa. Yara ne suka fi ba ni tausayi, domin jikinsu ya fi jin radiyeshon, kuma in Allah ya ba su lafiya suna da shekaru masu yawa a gaba da illar za ta iya bayyana. Ƙungiyar masana fiziks na asibiti ta Amurka, AAPM, ta yi rahoto kan wannan a 2007, sannan a 2018 ta ba da shawarar cewa in abin da hoto ya ƙara ya haura kashi 5 cikin 100 na adadin gashin, a shigar da shi cikin lissafin magani.

Hanyoyin ragewa suna nan. Na'urar gashi mai suna CyberKnife tana kallon 'yan fitilun da aka maƙala a rigar majiyyaci, ta koyi yadda ƙirjinsa ke tafiya da ƙarin, sai ta riƙa ɗaukar hoto jefi-jefi don tabbatarwa kawai. Na'urorin gashi masu haɗe da MRI, wato hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, irin wadda aka fara gashi da ita a Utrecht ta ƙasar Holan a 2017, suna ganin ƙarin ba tare da eksire ba, amma tsadarsu ta fi ƙarfinmu a yanzu.

Abin da ke hannunmu ba ya cin kuɗi. A tsuke faɗin hoton ya tsaya inda ake buƙata. Kada a ɗauki yaro da ma'aunin babba. A kuma zauna da majiyyaci kafin ranar gashi a koya masa riƙe numfashi da harshen da yake ji. Dattijuwar da ke kwance ita kaɗai a ɗaki, hannuwanta a bisa kai, in ta ji murya ta lasifika tana cewa "Baba, ja numfashi, riƙe, to saki," takan natsu, ƙarin ya tsaya cak, ba sai an maimaita hoto ba. In da Turanci aka yi mata, sai ta rikice a sake daga farko.

Ba ina tsorata kowa ba ne. Wanda likita ya rubuta wa gashi ya je, amfaninsa ya rinjayi wannan haɗari sosai. Roƙona shi ne kowace cibiya ta ɗauki isassun masana fiziks na asibiti, a rubuta adadin radiyeshon na hoto a fayil ɗin kowane majiyyaci, hukumar NNRA mai sa ido kan harkar nukiliya da radiyeshon a Najeriya kuma ta riƙa neman ganin wannan rubutu duk lokacin da ta zo dubawa.

Naku,
Wata ma'aikaciyar sashen gashin kansa