A Ba Makaɗa da Masu Rawa Aikin Isar da Gargaɗin Ambaliya

Edita,

Ina roƙon fili a wannan jarida domin in jawo hankalin Gwamnatin Jihar Kebbi da masarautunmu kan wasu mutane da ba a sanya su a lissafi idan ana maganar sauyin yanayi, wato makaɗan noma, da makaɗan masunta, da masu rawar gargajiya, waɗanda sana'arsu ta rataya ne kacokan a kan gulbi da gona.

Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu ya san cewa ba taron masunta kaɗai ba ne. Da zarar an harba bindiga, dubban mutane su ruga cikin gulbin Matan Fada kowa da homarsa da gorarsa, makaɗa na cikin kwalekwale suna bin su da kiɗa da kirari har a fito da giwan ruwan da zai ci gasa. Wasannin kabanci kuwa, su tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa, babu wanda zai yiwu idan ruwa bai kai ba. Wannan biki da aka faro a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020. Rashin tsaro yana cikin dalilai, amma ƙarancin ruwa a gulbin ma ya taka rawa.

A cikin wannan shekarar ta 2020 da aka yi murnar dawowar biki, damina ta zo da ambaliyar da ta shanye kimanin hekta 450,000 na shinkafa a jihar, alhali manoma da yawa suna ɗauke da bashin shirin noman da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015. Gulbin da ke ƙafewa da rani shi ne ke cin gonaki da damina, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ruwan sama ya daina zuwa bisa tsarin da iyayenmu suka saba da shi, sai a yi dogon fari a tsakiyar damina sannan a zubar da ruwan wata guda cikin 'yan kwanaki. An sare itatuwan bakin gulbi an yi gawayi da makamashi, don haka ƙasa take zaizayewa tana cike cikin gulbin da yashi, ya zama ba shi da zurfin da zai riƙe ruwa. Ga kuma madatsun Goronyo da Bakolori a sama, waɗanda idan suka cika dole a saki ruwa, mu da ke ƙasa mu karɓa.

Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar lura da ruwan koguna ta NIHSA kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Aikin yana da kyau, sai dai ana ƙaddamar da shi ne a Abuja cikin Turanci, kuma kafin ya iso ga mai shinkafa a fadamar Augie ko Suru, ya riga ya zuba irinsa. Wannan manomin kuwa akwai wanda yake saurara. A je wurin gayya a ga yadda makaɗin noma yake bin bayan layin majiya ƙarfi da gangarsa a rataye, yana kiran sunan kowa da na kakansa, har mutumin da ya gaji ya zabura ya sake sunkuyawa kan kunya kamar yanzu ya fara. Wanda zai iya sa ƙato ya manta da gajiya a tsakar rana, zai iya sa shi ya sayi irin da ke nuna da wuri, ko ya kwashe iyalinsa zuwa tudu kafin ruwa ya iso.

Abin takaici shi ne ba a tuna waɗannan mutane sai ranar tarbar baƙi. A kira su su yi rawa a gaban rumfar manya, a yi musu liƙi, a sallame su. Su ma makaɗan, gaskiya ɗaya ce, suna da nasu laifin, domin da yawa sun bar wasa manoma da masunta sun koma wasa 'yan siyasa, tunda can ne kuɗi yake. Ba na ganin baƙinsu sosai, saboda manomin da ruwa ya cinye masa gona ba shi da damin da zai ba maroƙi da kaka. Amma idan aka daina gayya, aka daina kamun kifi, babu yaron da zai gaji wannan kiɗa, kuma bukukuwa irin su Uhola ta Zuru, wadda godiyar amfanin gona ce, da Rigata ta Yawuri, wadda wasan ruwa ce, za su rasa abin da ake taruwa dominsa.

Shawarata ita ce, da zarar hasashen damina ya fito, ma'aikatun muhalli da na gona su zauna da Sarkin Ruwa da sarakunan noma da shugabannin makaɗa na kowace masarauta, a fassara musu shi dalla-dalla da Hausa da Zabarmanci da Dakarci da Fulatanci, sannan a bar su su tsara waƙa da rawa da salonsu, kada wani jami'i ya rubuta musu baiti. A biya su ladan aiki a rubuce, a kai su kasuwannin ƙauye da gidajen rediyo tun watan Afrilu, kafin a yi shuka. Masarautar Argungu kuma tana iya ware gasa a cikin bikin kamun kifi ga ƙungiyar da ta fi iya nuna halin da gulbi yake ciki, a haɗa kyautar da dashen itatuwa a gaɓar Matan Fada, wanda ƙungiyar da ta ci za ta kula da su har biki mai zuwa.

Naku,
Wani mai karatu daga Argungu, Jihar Kebbi